Hotunan Yaya Haruna da na ba teku

Shekara goma sha huɗu ke nan da zazzaɓin bayan aikin hajji ya ɗauke yayana Haruna a gidanmu na unguwar Jarwal a Makka. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo mukan yi sadaka, a yi addu'a, a watse. Bana na ga sadakar ba za ta ishe ni ba, domin akwai maganar da na daɗe ina dannewa, kuma 'yarsa Safiya ta girma har ta fara tambaya.

Mu 'ya'yan takari ne. Iyayenmu sun tako daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna noman auduga kafin su ƙetaro, mu kuma aka haife mu a nan. Yaya tela ne, amma duk Jarwal an fi saninsa da keken hawa da kuma wani akwatin ɗaukar hoto da wani alhajin gabas mai nisa ya bar masa ladan ɗinki. Alhajin ne kuma ya gaya masa a ƙasarsu akwai waƙar da ba ta wuce layi uku. Abin ya shige wa Yaya rai. Mutane suka yi ta yi masa tsiya, wai mai rowar zare ya samo waƙar da ta dace da shi.

Idan alhazai suka watse, kasuwa ta mutu, sai mu ɗora kekunanmu a bayan mota zuwa Jidda, daga nan mu miƙa kudu ta bakin teku. Akwai wani fili da ruwa ke janyewa ya bar yashi mai tauri, keke na gudu a kansa kamar a daɓen tsakar gida. Ni tsoro nake ji, ido na kan ruwa kada ya kawo ya rutsa mu. Shi kuwa sai ya tsaya ya ɗauki kaguwa, ko karyayyen jirgin masunta, ko sawun tayoyinmu. Wani mutum a lungun Jidda ke wanke masa hotunan a ɓoye. Bayan kowanne zai rubuta layi ukunsa da ajami. Ina tune da wannan:

Teku ta janye,
ta ba mu aron hanya,
kada mu daɗe.

Sau ɗaya tak ya taɓa tsayawa gaban akwatin. Ya miƙo mini ya ce, "Sani, danna nan, kada ka numfasa." Na danna, hannuna na rawa. Hoton ya fito a ɗan karkace, yana riƙe da keke, iska ta kife masa hula, yana dariya.

Da ya rasu matarsa Rakiya na da cikin Safiya na wata bakwai. Ranar sadakar uku Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyarmu, ya buɗe gwangwanin da Yaya ke ajiye hotunan, fuskarsa ta sauya. A lokacin hoto ba abin wasa ba ne a Makka. Ya ce ranar ƙiyama za a ce wa mai surantawa ya busa wa abin da ya suranta rai, kada mu bar wa mamaci wannan kaya. To amma ga matsala: bayan hotunan rubutun ajami ne, wasu da sunan Allah a ciki. Ba a jefa irin wannan a juji, Kawu kuma ya ƙi a ƙona. Ya ce, "Kai ka san inda ya ɗauko su. Mayar da su can, ruwa ya wanke."

Na hau keken Yaya na je filin nan ni kaɗai. Na jera hotunan a kan yashi, kowanne na danne shi da ɗan dutse, na koma tudu na zauna. Ba zan ce ban lura da hoton Yaya ba. Na ɗauke shi, na sa a aljihu, na yi taku kamar goma, sannan tsoron kada in zama sanadin azabarsa ya kama ni, na koma na ajiye. Ina kallo ruwa ya kawo.

Yau fa? Yau babu alhajin da ke sauka Jidda sai da hoto manne a fasfonsa. Shagunan masu hoto sun buɗe ƙofa a fili. Bara ni da kaina na raka Kawu Isiyaku aka ɗauke shi saboda takardar iƙama, wato izinin zama, har yana gyara rawani yana tambaya ko ya zauna daidai. Ban zarge shi ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma don ƙaunar Yaya ya faɗa. Da Yaya na nan na san dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya rubuta layi uku a kan rawanin. Ni dai na kasa dariyar. An ce da-na-sani ƙeya ce, tawa kullum ina jin nauyinta.

Safiya ta fi sakewa da Larabci, Hausarta sai da ni da uwarta. Watan jiya ta same ni a shago ta ce, "Ya ammi," wato baffa, "ƙawata na da hoton babanta. Nawa bai taɓa ɗaukar kansa ba, ko sau ɗaya?" Na ce mata bai taɓa ba. Ta ce, "Tayyib," wato shi ke nan, ta juya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

Me ya rage na Haruna? Keke marar sarƙa a bayan ɗaki, da waƙoƙi huɗu ko biyar a kaina, su ma suna zubewa. Sai goshinsa da yadda yake karkatar da kai in zai yi dariya, waɗanda Safiya ke yawo da su ba ta sani ba, domin ni na hana ta abin da za ta gwada da shi.

Safiya, na san za a karanta miki wannan. Babanki ya tsaya gaban akwatin, ni na ɗauke shi, ni kuma na ba ruwa. Abin da zan iya mayar miki shi ne abin da ya rubuta a bayan hoton:

Ga ni, Sani ya ɗauka,
hannunsa na rawa,
Allah ya sa a gane ni.