Kofi Biyu a Tashar Ƙanƙara

A Kaduna na samo injin gahawar, lokacin da otal ɗin da nake wa aiki ya rufe. Na kawo shi Ƙanƙara na ɗora a teburin shayin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a bakin tasha. Direbobi da 'yan kabu-kabu suka karɓe shi hannu biyu, domin kurɓi ɗaya yana kore gyangyaɗi har mutum ya kai Sabuwa.

Injin yana da maɓalli. Ka danna, ya auna ruwa da kansa ya tsaya. Sai dai ruwan da ya shiga yake aunawa, ba abin da ya sauko cikin kofi ba. In garin gahawa ya kwana biyu, ko hannuna ya danne shi da yawa, kofi ɗaya ya fito da ɗaci kamar maɗaci, na bayansa ya fito salam. Shi ya sa nake ɗora kofi kan ɗan sikeli, in nauyi ya kai in tsayar da injin da hannu. Kawu bai taɓa son haka ba.

"Danna abin nan ka bar shi," yakan ce. "Mutanenmu da ido suke sha."

Wata ranar kasuwa da azahar, direbobi biyu suka zauna a bencinmu. Ɗaya ɗan gari ne, ɗayan ƙaton mutum daga Mairuwa. Tun safe suke cacar baki kan wanda zai fara lodi. Na fara zuba wa ɗan garin da sabon niƙa, kumfa ta taso har bakin kofi. Na mutumin Mairuwa da ragowar garin gahawar jiya na yi, bai yi kumfa ba. A sikeli nauyinsu ɗaya. A ido nasa rabi ne.

Ya jera kofunan biyu ya dube ni.

"Mi ke nan? Shi cike, ni rabi? Don ni baƙauye ne?"

"Malam, ɗaya suke. Dubi sikeli, kumfa ce kawai."

Ɗan garin ya yi dariya. Dariyar nan ce ta kunna shi. Ya kai wa sikelin mari ya faɗa kwata, ya watsa mini gahawar a fuska. Zafin ya rufe mini ido. Ina jin muryar Kawu yana cewa, "Haba ɗana, yi haƙuri, a sake maka," sai na ji wani sauti kamar an fasa ƙwarya.

Da na buɗe ido Kawu yana ƙasa. Mutumin ya ɗauki ƙarfen kwance taya ne zai kai wa mai dariyar, Kawu ya shiga tsakani, ƙarfen ya same shi a muƙamuƙi. Jini na zuba ta bakinsa yana jiƙa farin gemunsa, ga haƙori a kan tabarma.

Na zare hannun injin, ƙarfe ne mai nauyi da zafi, na sauke wa mutumin a goshi. Fatar ta dare. Ya shaƙo wuyana da hannu ɗaya ya danna ni jikin teburin, kwalaben madara da tire ɗin ƙwai suka watse. Numfashina ya fara ɗaukewa. Na laluba bayana na murɗe bakin tururin injin. Tururin ya feshe masa damtse, ya yi ihu ya sake ni, fatar wurin ta saɓule.

Kafin nan mutanen Mairuwa sun taso da sanduna, 'yan tasha sun tare su da benci da duwatsu. Aka fasa gilashin mota biyu. Can cikin kasuwa wani ya ji ihun ya ɗauka 'yan bindiga ne suka shigo, ya kwarma, "Ga su nan!" Kasuwa ta watse. Mata suka zubar da kwanuka suna jan yara, shanu suka tsinke igiya, aka tattake wata tsohuwa mai daddawa har ƙafarta ta karye. Sai da shugaban tasha ya hau kan mota yana rantsuwa babu kowa, sannan aka lafa.

A bayan babur na kai Kawu asibiti, kansa a kafaɗata, rigata ta jiƙe sharkaf. An ɗaure muƙamuƙin, amma bai koma daidai ba. Dattawa suka zaunar da mu aka yi sulhu. Kawu ya ɗaga hannu ya nuna ya yafe, don ba ya iya magana. Bai sake tsayawa a teburin ba. Ya koma Ketare wurin ɗiyarsa, kunu da fura ne abincinsa.

Bayan damina gaisuwar wata rasuwa ta kama ni zuwa Faskari, kuma mota ɗaya ce ta rage a tasha. Sai da na zauna na ga tabon ƙuna a damtsen direban. Da muka sauka daga wani kwazazzabo ya dube ni ta madubi.

"Ya jikin tsoho?"

"Da sauƙi," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan hanya.