Warin Takalmin da Ya Ƙi Barin Layi

A Roni aka haifi Falalu, kuma a bakin famfon unguwarsu ya fara sana'ar da ko suna ba ta da shi. Yana saurayi, idan mata suka jera bokitai suka koma gida, shi ne mai tuna wace ta riga wace. Daga nan 'yan acaɓa suka ɗauke shi ya riƙe musu layin ɗaukar fasinja a tasha. Shekara goma sha tara ya yi yana cewa "kai ne" da "ba kai ba ne," ba a taɓa kama shi ya tsallake kowa ba. An gwada shi da goro, an gwada shi da zagi, duk a banza. Shi ya sa aka laƙaba masa Falalu Ba-alfarma, kuma yana jin daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata.

"Ko yau na faɗi na mutu," yakan ce wa matarsa, "babu wanda zai ce na ci masa layi."

Matar, wadda har yanzu ake kira Amarya duk da tana da jika, sai ta ce, "To Malam, a kawo sunan mu dafa da rana."

Da wani attajiri ya buɗe wurin wasan yara a gefen Kazaure, ya kafa wani ƙaton lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, kujeru shida, kowace ta mutum biyu. Yara suka sa masa suna jirgi. Sallar farko turmutsutsu aka yi a gindinsa, huluna suka faɗi, aka yaga wa wata mayafi. Kafin Sallah ta biyu an aika Roni a kira Falalu.

Da ya zo ya tsaya ya kalli rana, ya kalli yaran da ke tsaye cikinta suna zufa cikin sababbin kaya, ya ce wannan ai zalunci ne. Dabarar famfo ya dawo da ita: kowa ya cire warin takalminsa ya sa a layi, ya je inuwar darbejiya ya zauna a tabarma. Takalma su sha rana, masu su su sha iska. Idan layi ya zo kan takalmi sai Falalu ya ɗaga shi sama ya ce, "Mai wannan!" Matsalar dai takalman Sallah duk kasuwa ɗaya suke fitowa, sai ka ga yara uku sun taso wa wari guda. Nan ma bai rasa hanya ba: a duba ƙafar da ba takalmi, ta dama ce ko ta hagu, sannan a gwada. Ƙafa ba ta ƙarya.

Daga baya aka kawo manaja, wani matashi mai suna Sabiru, shi kuma ya kawo kama kujera ta waya. Kana gidanka ka kira, a ba ka lamba da lokaci. Falalu ba ya gaba da waya, amma ya san mutanen Gwiwa da Yankwashi mota kawai suke cikowa su zo, ba su san da wata lamba ba. Sai ya kafa sharaɗi: kowane zagaye, shida na waya, shida na takalmi. Sabiru ya yi ƙunƙuni ya yarda, aka zauna lafiya shekara huɗu.

Shi kansa Falalu bai taɓa hawa jirgin ba. Idan aka tambaye shi sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Gaskiyar magana ita ce wanzami ba ya son jarfa, ko tsani tsoron hawansa yake yi.

Ranar da abin ya faru, washegarin Babbar Sallah ce. Tun da safe Sabiru ya gaya masa cewa zagayen ƙarshe, kafin a kashe inji don magariba, an bai wa Alhaji Abdulƙarim da iyalinsa gaba ɗaya. Babban ma'aikaci ne da ya zo gida Sallah, kwana uku da suka wuce ya kira. Falalu ya ce babu laifi, kafin lokacin zai gama da takalmansa.

Bayan azahar wani takalmi ya iso gaban layi. Tsohon silifas ne shuɗi, na babbar mace, an ɗinke igiyarsa da baƙin zare, dudduge ya cinye rabinsa. A tsakiyar sababbin takalman yara sai ka ce an sa tsohuwar akuya cikin 'yan raguna. Falalu ya ce a ransa wata uwa ce ta cire za ta yi alwala ta manta. Ya sa sandarsa ya ture shi gefe, wurin tarkacen da aka tsinta, ya ɗaga na bayansa.

Zagaye biyu ya juya, sai ga silifas ɗin ya dawo gaban layi, zaune daram. Ya sake ture shi. Bayan la'asar ya dawo daga masallaci, ga shi nan kuma. Ya ture shi na uku, wannan karon da ɗan ƙarfi, yana harare-hararen yaran da ke inuwa. Ya ci gaba da aikinsa har ya ɗaga takalmin ƙarshe, ya ɗora yara, ya sauke su, ya karkaɗe hannu. Ya waiwayo ke nan ya ga layi fayau, ba komai sai silifas shuɗi.

Ransa ya ɓaci. Ya sure shi ya ɗaga sama.

"Wai wane ɗan banza ne yake wasa da ni tun azahar?"

Daga ƙarshen tabarma wata murya ta amsa a hankali. "Ni ce 'yar banzar, ɗan nan."

Tsohuwa ce tukuf, jikoki huɗu kewaye da ita, ƙafarta ta hagu ba takalmi. Falalu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya je ya durƙusa.

"Iya, ki yafe mini, bakina ne ya yi gudu. Jikokin ne ba su hau ba?"

"Sun hau tun da hantsi."

"To wa kike kama wa layi?"

Ta gyara mayafinta ta kalli gefe. Babbar jikar ce ta fasa ƙwai: "Ita ce za ta hau."

Iya Bintu sunanta, daga Kanya Babba suka zo, kuma motar da ta kawo su ana sallame magariba za ta juya. Ta ga yadda yake ɗaga takalmin kowa, ta ce idan ya ɗaga nata sai ta miƙe shiru ta hau, ba sai ta buɗe baki ba. "Da girmana in tsaya gaban jama'a in ce a ɗora ni a lilo? Duk sanda ka ture, sai in aiki yarinyar nan ta mayar."

Falalu ya kalli silifas ɗin da ke hannunsa. Shekara talatin da wani abu yana tinƙaho bai taɓa tsallake mutum ba, yau ga shi ya tsallake tsohuwa sau uku da sandarsa, don kawai ya yanke mata hukunci cewa irinta ba sa hawa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ga iyalin Alhaji Abdulƙarim can sun fara jeruwa a bakin jirgi, su goma sha biyu cif.

Ya ja Sabiru gefe. Sabiru ya ji bayani ya dafe kai.

"Baba Falalu, ka rufa mini asiri. Ta dawo gobe, ni da kaina zan ɗora ta."

"Manaja, gobe tana Kanya."

"To in ka taɓa mutumin nan, ni da kai sai mun nemi wani aikin."

Falalu ya bar shi nan tsaye. Ya riƙe silifas ɗin da hannu biyu, ya je gaban Alhaji ya rusuna ya gaishe shi, ya yi masa barka da Sallah. Sannan ya faɗi kalmar da bai taɓa yarda wani ya faɗa masa ba.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema."

Ya zayyana komai, bai rage laifinsa ba, bai kuma shafa wa Manaja ba. Alhaji ya zare tabarau ya ƙura masa ido.

"Tsaya. Ba kai ne Ba-alfarma na tashar Roni ba? Kai ka hana ni babur ranar da zan je ganawar ɗaukar aiki, ka ce wata mai kaji ta riga ni?"

"Ta riga ka ɗin ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya kira matarsa ta zo ta ga abin mamaki, yau Ba-alfarma na roƙon alfarma. Da ma tun ɗazu yake kallon tsayin jirgin yana neman hanyar zillewa, ita ma Hajiya haka. Ya ce sun bar kujerarsu, amma da sharaɗi ɗaya: ba a barin tsohuwa ita kaɗai a sama, wanda ya ture takalmin shi zai raka ta.

Haka aka ɗaure Falalu a gefen Iya Bintu. Inji ya ɗauka, kujera ta bar ƙasa, ya rufe ido ya kama salati, ya damƙe ƙarfe har jijiyoyinsa suka fito. Da suka kai ƙololuwa jirgin ya ɗan tsaya kamar yadda ya saba.

"Buɗe idonka, ɗan nan," in ji ta. "An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To yau ga babban kanta a kan rimin."

Ya buɗe ido ɗaya. Ga duwatsu, ga ruwan dam yana ƙyalli, ga gonaki sun yi kore shar, ga hanyar Babura ta miƙe siririya. Iya Bintu na ta nuni da yatsa tana dariya, dasashi duk a waje.

"Shekara saba'in da ɗoriya ina kallon duniyar nan daga ƙasa," ta ce. "Na ce bari in leƙa ta daga sama sau ɗaya, kafin a mai da ni ƙasan gaba ɗaya."

"Iya, na ci miki layi. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma gobe in ka ga takalmi, ka tambaya."

Ya sauko yana tangaɗi, ya durƙusa ya sa mata silifas ɗinta da hannunsa. Da ya koma Roni ya ba Amarya labari daga farko har ƙarshe. Ya zaci za ta yi masa tsiya kwana bakwai, amma ba ta ce uffan ba.

Washegari da hantsi yana bin layi yana gyara takalma da sanda, sai ya ci karo da wani baƙin takalmin mata. Ya san shi sarai, shi ya saya wa Amarya a kasuwar Kazaure ana jibi Sallah. Shekara huɗu da ɗoriya yana dawowa gida da labarin jirgi, bai taɓa tambayarta ko tana so ba. Ya ƙirga, shi ne na talatin da bakwai. Bai matsar da shi gaba ko taku ɗaya ba.

Sai wajen azahar layi ya zo kansa. Falalu ya sunkuya ya ɗauka, ya share masa ƙura da bakin rigarsa, ya ɗaga shi sama.

"Mai wannan!"

Amarya ta taso daga inuwar darbejiya, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta rufe fuska da mayafi tana dariya.