Ƙofar Gidan da Ba Ciyawa

Kowane gida a layin nan na unguwar Warnersville a Amurka ƙofarsa shimfiɗe take da koriyar ciyawa, ban da ɗaya. A gabansa Hindou take jiran bas kullum, tana kallon wata tsohuwa baƙar fatar Amurka, siririya, da hular zuwa coci da takalmin maza, tana share jar ƙasar ƙofar gidanta da tsintsiyar ƙirare. Da baya da baya take tafiya, tsintsiyar na barin zane kamar ƙayar kifi. Haka kakar Hindou take shara a Damagaram.

Yau motar kwasar kaya ce a ƙofar.

"Mama, masu sayen gidan ciyawa za su shuka," in ji ɗan tsohuwar. "Wa kike yi wa kwalliya?"

"Rufe mini baki." Ta juyo wajen Hindou. "'Yata, kafin yaƙin duniya na biyu, matar da ciyawa ta tsiro a ƙofarta a unguwar nan, har a coci sai an yi da ita. An rushe tsofaffin gidajen, masu shara sun mutu. Saura ni."

A zuci Hindou tana hango tsohuwar tana yarinya, tana shara ba takalmi, uwarta na tsaye a baranda tana neman inda ta tsallake.

Bas ta zo, Hindou ta bar ta ta wuce. Tsohuwa na ja da baya, tana shafe sawunta, har dugaduganta suka taɓa kwalta. Sai ta miƙa mata tsintsiyar.

"Ungo. Irin kallon da kike mini, na san kin iya."