Malama Hajara da Tutocin Maulidi

Ina cikin aji da hantsi ina jiƙa ƙaro a kwano, ƙanin mijin Malama Hajara ya tsaya da babur a bakin makaranta, ya aiko a kira ni. Ya ce ta rasu wajen haihuwa a Gumel, jaririyar kuma tana raye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na waiwaya, sai na ga yaran ajinta zaune a kan tabarma, kowa riƙe da karan dawar da ta ce ya zo da shi.

Tare muke koyarwa a wata ƙaramar Islamiyya a Gagarawa, ita ke riƙe da ajin ƙanana. Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, takan ba da sautu a sayo mata takardu masu launi daga kasuwar Maigatari. Sai ta zauna a ƙasa tsakiyar yara, su yanka tutoci da taurari, su liƙa su a jikin kara da ƙaro, domin su ɗaga ranar zagayen gari. Na taɓa karɓe almakashi daga hannun wani yaro da ya ɓata takarda. Ta dube ni ta ce, "Malama, mayar masa. Idan kika yanka masa, taki ce zai ɗauka, ba tasa ba." Shi ya sa tutocin ajinta kullum a karkace suke, kuma ba yaron da ya taɓa yarda a musanya masa tasa.

Akwai Inno, wata 'yar Fulani da ake kawowa daga ruga. Da farko ba ta magana da kowa. Marigayiya ta koyi sunayen launuka da Fulatanci a wurin masu tallar nono, ta riƙa kiran su a gabanta tana kuskure da gangan, har yarinyar ta buɗe baki ta gyara mata.

Bana cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Na ce ta zauna a gida, ni zan yi da su. Ta ce, "Na riga na yi musu alkawari. Yaro ba ya manta wanda ya saɓa masa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegarin jana'iza. Na faɗa wa yaran cewa Malama ta koma ga Allah. Can sai Inno ta zo ta kama mayafina ta ce, "To idan ta dawo, za ta ga tawa?" Mun ƙarasa aikin, an yi zagaye, amma Inno ta ƙi fita da tutarta. Mahaifiyarta ta gaya mini cewa yarinyar ta soke ta a jikin danga, ta hana kowa taɓawa.

Ya Allah Ka gafarta wa baiwarka Hajara, Ka haskaka kabarinta, Ka karɓi shahadarta. Ka ba mijinta da mahaifiyarta haƙurin wannan rashi. Jaririyar da aka mayar wa sunanta kuwa, Ka raya ta, Ka haɗa ta da mai yi mata irin haƙurin da uwarta ta yi da 'ya'yan mutane. Amin.