Ranar da Waya Ta Karɓe Kiran Taro a Hannun Safara'u

Shekara goma sha tara Safara'u ta yi tana kiran taro a Gyadi-Gyadi, kuma babu wanda ya naɗa ta. Daga Kibiya mijinta ya kawo ta, direban bas ne mai jigilar Unguwa Uku, da ya rasu ɗaki ɗaya ya bar mata, sai ƙafafunta biyu masu ƙwari. Ƙungiyar mata masu ɗinki da saƙa ta Tarauni mutum arba'in da uku ce, ita kuwa ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Amma in shugabar ƙungiya, Hajiya Kulu, ta ce a taru, Safara'u ce ke ɗaure mayafi a ƙugu ta bi gida-gida har Daurawa. Ta san gidan da ake ba ta ruwan sanyi, ta san gidan da ake tura tukunya ƙarƙashin gado in an ji sallamarta. In ta dawo sai ta ce, “Hajiya, a shimfiɗa tabarma huɗu,” ko “a shimfiɗa shida,” kuma ba a taɓa naɗe tabarmar da ba wanda ya zauna a kanta ba. Mace ba miji, ba ɗa a gari, wannan yawon shi ne rawaninta. Don shi ake buɗe mata ƙofa, don shi ake ce mata Inna.

Sai ga Hafsat, 'yar ƙanin Hajiya Kulu, mai aiki a inda ake ƙera manhaja, abin nan da ake sawa a waya ya riƙa yi wa mutum aike. Ta ce kwana uku ana yawo don taron awa ɗaya wahala ce, ga shi kowace mace da waya a ɗaure a bakin zani. Ta haɗa wata manhaja: Hajiya ta sa rana, saƙo ya shiga wayar kowa, mai zuwa ta danna kore, wadda ba za ta zo ba ta danna ja. Hajiya, da ma ta gaji da gulmar da ke biyo Safara'u kamar jela, ta ce a yi.

Tun daga ranar Safara'u ta daina amsa gaisuwar Hafsat.

Kafin a sakar wa mata abin, Hafsat ta kawo abokan aikinta uku falon Hajiya, babbansu wani dogo mai gilashi, Mu'azu. Kowa da takarda mai ɗauke da dokoki goma, wai na masana, waɗanda ake auna kowace manhaja da su. Kowa ya koma gefe ya duba shi kaɗai, sannan suka haɗa kai suka jera aibobin da suka gani. Rubutun ya yi ƙanƙanta. Wanda ya danna a kuskure ba shi da hanyar komawa. In an amsa, babu alamar da ke nuna amsar ta tafi. Safara'u tana tsakar gida tana tsince wake, kunnenta na taga.

“Ƙarti uku da digiri,” in ji ta ga mai aikin gidan, “sun wuni suna koya wa waya sallama.”

Aka gyara duka. Hajiya ta sa taro, ta gayyato wata jami'a daga ƙaramar hukuma don ta ga yawan matanta. Mata arba'in da ɗaya suka danna kore. Aka shimfiɗa tabarma takwas, aka soya cincin, aka dama zoɓo a babbar roba. Mata bakwai suka zo. Jami'ar ta sha zoɓo kofi ɗaya, ta dubi tabarmi, ta ce tana da wani wurin zuwa. Safara'u ta ci cincin ɗin mutum biyar a ranar, ta tafi gida tana taku ɗai-ɗai kamar amarya.

Ta ɗauka an gama. Ashe Hafsat irin mutanen nan ne da ba su san an kayar da su ba. Ta ce masana sun duba da idonsu, saura masu abin su taɓa da hannunsu, a zauna a kalle su. Aka kira mata huɗu, ɗaya bayan ɗaya, aka ba kowacce waya aka ce ta amsa gayyata. Dukansu suka danna kore, suka ce abu ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Hafsat ba ta tsinci komai ba. Safara'u ba a kira ta ba, ita ta kawo kanta, don ta yi wa abin jana'iza a gaban mai shi.

Aka zaunar da ita a kujera, Hafsat a gefenta, Mu'azu a baya da biro.

“Inna, ba ke muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa. Duk abin da ya zo miki a rai ki faɗe shi a fili.”

“Wace ce innarki? Innarki na Daurawa. Kuma ni ba a roƙona in faɗi abin da ke raina.”

“To bismilla. Hajiya ta kira taro, ki amsa.”

Safara'u ta riƙe wayar nesa da fuska kamar ta ɗauko mataccen ɓera. “Me aka rubuta nan?”

“Ke me kike gani?”

“Ina ganin rashin tarbiyya. Na tambaye ki kin mayar mini da tambaya.”

Hafsat ta haɗiye amsar, don dokar aikinsu ta hana a taimaki wanda ake kallo. Daga baya dai ta ce, “An ce Asabar, ƙarfe huɗu.”

“Ƙarfe huɗun wa? Mace na kan keke tana ɗinki za ta tsaya gadin agogo? A garin nan bayan La'asar ake taro, ko kafin Azahar. Rabin matan ma da kika aika wa rubutu, sai 'ya'yansu sun dawo makaranta suke jin abin da aka ce.”

Biro ya motsa a baya, ba ta kula ba, ta riga ta hau.

“A ce ba za ki samu zuwa ba,” in ji Hafsat, “me za ki danna?”

“Kore.”

“Ja ne na rashin zuwa.”

“Na sani, ba makauniya ba ce ni. Wace marar kunya ce za ta danna ja, sunanta ya fito ɓaro-ɓaro, Hajiya na gani, mata arba'in na gani? Hajiya ta kira ki ki ce ba za ki zo ba, da yatsanki? Ke a gidanku haka aka koya miki? Ni shekara goma sha tara ban taɓa ce wa mace za ki zo ko ba za ki zo ba. Rana nake faɗa mata in tsaya. In ta ce mai gidan na da baƙi, ko yaro na zazzaɓi, na gane, ita ma ta san na gane. Kuma ban taɓa kai wa Hajiya sunan kowa ba. Yawan tabarma nake kai mata. Shi ya sa suke faɗa mini gaskiya, ke suke danna miki ƙarya.”

Biron Mu'azu sai gudu yake a takarda. A nan ne Safara'u ta ji abin da ta yi. Baki shi ke yanka wuya. Abin da ta riƙe shekara goma sha tara, ta juye shi a tafin hannun yarinyar nan kyauta, ba a ko roƙe ta ba. Ta ajiye wayar, ta nemi takalminta.

“Na gode, Inna.”

“Riƙe godiyarki, ta yi miki amfani.”

Bayan mako uku manhajar ta dawo da sabuwar fuska. Saƙon ya zama murya, muryar Hajiya da kanta, da sallama da gaisuwa. Lokaci ya koma bayan La'asar. Jan ya ɓace, aka sa wani mai cewa ina da uzuri, kuma babu sunan da ke fitowa, jimilla kawai Hajiya ke gani. Aka sake gwadawa da wasu mata biyar, aka ga uku sun danna uzuri hankalinsu kwance.

Taron da ya biyo baya, waya ta ce mata ashirin da tara ne za su zo. Ba wanda ya aiki Safara'u ko'ina. Kwana ukun nan da ta saba yi a hanya ta yi su a bakin ƙofarta tana kallon adaidaita sahu na wucewa, ba gidan da ya tambayi inda take. Saƙon ya shigo wayarta ita ma, ba ta danna komai ba. Ran Asabar ta bari sai da aka zazzauna, ashirin da tara cif a tabarma biyar, sannan ta yi sallama ta tsaya a tsakiya.

“Talatin,” in ji ta, tana kallon Hafsat. “Wayarki ta yi ƙarya. Ina zan zauna?”

Hajiya ta ce a matsa mata. Ba wanda ya tashi ɗauko tabarma, aka ɗan muskuta, ta zauna a bakin ta ƙarshe, rabin jikinta a siminti.

Har yau tana Gyadi-Gyadi, ƙafafun sun fara kumbura don rashin tafiya. Ba ta gaida Hafsat. Amma duk bayan taro sai ta tare ta a soro da sabon aibin da ta gano a manhajar, ta faɗa mata shi da zagi, ko Allah zai sa wannan ne wanda ba ya gyaruwa. Hafsat kuwa sai ta ciro biro.