Ranar da Na Kai Baba Ba'indiye Dutsen Nur

Shekara huɗu muka yi a ɗaki ɗaya a unguwar Utaibiyya ta Makka da wani tsoho Ba'indiye mai yankan dutse. Ni direba ne, ina jigilar ma'aikatan kamfanin da muke wa aiki. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min sadik, wato aboki. Larabcinsa gurgu ne, nawa ma ɗingishi yake yi, amma muna gane juna.

A ƙarƙashin matashinsa akwai wani ɗan littafi na masu yawon buɗe ido da 'yarsa ta aiko masa, a kan garinsu, Aurangabad. Da Turanci aka rubuta shi, Baba kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya miƙo min, ina karantawa ina juya masa da Larabcin kasuwa. Tsohon birni ne mai ƙofofi da yawa kamar Kano, da farin ginin da aka yi a kan kabarin wata matar sarki, da dutsen niƙa da ruwa ke juyawa. Yana ji yana gardama da littafin. Wai gidan abincin da aka yaba na baƙi ne, naman bakin tasha ya fi shi nesa ba kusa ba.

In muka zo shafin kogwanni kuwa sai gardama ta ƙare. Mutanen dā ne suka sassaƙe dutse guda tun daga sama har ƙasa, suka fitar da ɗakunan bauta da ginshiƙai da giwaye. Ba addininsa ba ne, amma aikin dutse ne, sai ya ɗora yatsa a hoton yana bin layin sassaƙar. Wata rana na tambaye shi yadda wurin yake a ido. Ya ce bai taɓa zuwa ba. Na yi dariya har da riƙe ciki. Mutane na tasowa daga bangon duniya su gani, shi da mota ɗaya za ta kai shi bai je ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai ka hau Kogon Hira?"

Ban hau ba. Kullum sai na bi ta gindin Dutsen Nur, inda kogon yake, da bas. Haka mu mazauna Makka muke: alhaji ya zo 'yan kwanaki ya zaga ko'ina, mu kuwa tunda ga shi nan kusa, sai gobe. Ya ce shi wannan kogon ne yake so ya shiga kafin ya koma gida, amma ba ya son hawa shi kaɗai. Nan take na yi masa alkawari.

Da zafi na ce mu jira sanyi. Sanyi ya zo na ce masu Umra sun yi yawa. Aikin Hajji ya zo, jigilar Arfa ta sha kaina. Bai taɓa matsa min ba, sai dai ya ce, "Bukra?" wato gobe, in ce, "Bukra insha Allah, Baba." A haka shekara uku ta wuce. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, har ya koma sallah a zaune, kamfani kuma ya yi masa bizar fita wadda babu dawowa.

Saura kwana biyar jirginsa na kai shi. Ya shirya yadda littafin ya ce a shirya wa kogwannin garinsu: a yi sammako, a riƙe ruwa, a sa takalmi mara nauyi. Muka kama matakala, yana dafe da kafaɗata. Tsofaffin mata 'yan Turkiyya suna wuce mu da sandunansu. Mu hau goma mu huta, daga baya biyar, daga baya uku. Ko rabi ba mu kai ba ya zauna a wani dakali, ya daɗe yana kallon sama.

"Kalas, sadik, shi ke nan," ya ce. "Hau ka gano min."

Na so in goya shi, ya ƙi. Na hau ni kaɗai, raina babu daɗi. Na bi layi, na matsa ta tsakanin duwatsu, na shiga. Ɗan wuri ne, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. Na yi raka'a biyu na sa shi a addu'a, na sauko da sauri.

Na same shi inda na bar shi, rana ta fara cin ƙafarsa. Ya sa na zauna na kwatanta masa komai, faɗi da tsawo da launin dutsen. Sai ya ce, "Ƙarfe ya taɓa shi?"

Na ce a'a, yadda Allah ya ajiye shi yake.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode da na kawo shi. Godiyar nan ta fi zagi yi min ciwo. Da a ce ranar da na yi masa alkawari muka je, da ƙafarsa zai hau har can ya gani da idonsa. Shi ya sani, ni ma na sani, muka sauko a hankali.