Kwamfuta Mai Magana a Bakin Ƙofa

A shekarun da na yi ina kula da ɗakin kwamfuta na jami'a, babban aikina shi ne in tabbatar kowace na'ura ta tashi da safe. Ni ne mai haɗa wayoyi, mai sa manhajoji, mai kwance wadda ta lalace. Daga Makera nake hawa napep, in riga ɗalibai isa, in buɗe tagogi, in bi su layi-layi ina kunnawa.

Wata shekara ana hutu aka kawo mana sababbi. Hutun nan gaba ɗaya ni da abokin aikina muka ƙare shi muna fasa kwalaye, muna jan waya a ƙarƙashin tebura. Muka saita su ta yadda duk abin da ɗalibi ya zuba ko ya sauya zai goge da zarar an kashe, domin yara ba sa barin na'ura yadda suka same ta.

Da aka dawo karatu, wani dattijo ya shigo riƙe da hannun 'yarsa. Mutumin Binuwai ne, yana aiki a wata masana'anta a Kudenda, gidansu yana Romi. Yarinyar ba ta gani, tun tana firamare idanun suka tafi.

"Malam, an ce kai ne mai wurin nan," in ji shi. "Ga 'yata. Wai sai ta ci darasin kwamfuta kafin ta wuce aji."

Na ce babu damuwa, za mu samo wanda zai zauna kusa da ita yana karanta mata.

Ta juyo wajen da muryata take. "Malam, tun ina ƙarama ake karanta min. Akwai manhajar da ke faɗin abin da ke kan allo, na taɓa gwada ta sau ɗaya. Ko za ka sa min?"

Na san da manhajar, amma ban taɓa sa ta ba. Na zaɓi kwamfutar da ke bakin ƙofa don kada ta riƙa ratsa tebura, na sa mata, na kawo abin sawa a kunne daga gida. Ranar ta yi ta danna madannai tana murmushi ita kaɗai. Washegari ta zo ta zauna, ta danna, shiru.

"Malam, yau ba ta gaishe ni ba."

Saitin namu ne ya goge komai. Na cire wannan ɗayar daga tsarin, na sake sa manhajar. Na ji tsoron sauran ɗalibai za su hargitsa ta, sai ga shi su da kansu ke gadinta. Baƙo na zama za ka ji an ce, "Tashi, akwai mai ita."

Idan babu darasi nakan ja kujera kusa da ita, in kashe allon, mu koyi hanyoyin tare. Takan ƙara wa muryar sauri har ni ba na tsintar kalma ɗaya, ita kuwa tana gyaɗa kai. Da azahar in tafi masallaci in bar mata ɗakin, in dawo in same ta tana cin ƙosai, hannu ɗaya a kan madannai. Doka ta hana ci a wurin. Ni dai nakan tura mata tsumman goge hannu.

Da damina ta kankama, ana gab da jarrabawa, aka yi wata tsawa da rana wadda ta ƙona mana na'urori da dama, har da tata. Shugaban sashe ya ce a nemo mata mai karantawa kawai, lokaci ya ƙure. Na roƙe shi ya ɗan jinkirta. Ni da abokin aikina muka kwance ta, muka tarar babu abin cetowa a ciki. Sai muka ɗauko wata lafiyayya daga layin baya, muka kafa ta a bakin ƙofa, na sa mata komai daga farko.

Ta zo ta sa abin a kunne, ta saurara, ta cire shi a hankali.

"Ba ita ba ce."

Wannan muryar namiji ce, mai jan magana. Sai na ga hawaye a fuskarta. Ta ce in yi haƙuri, ta san na'ura ce kawai, amma waccan ce ta fara karanta mata abu ba tare da ta ji ta takura wa kowa ba. Na buɗe inda muryoyin suke, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Ita ce. Ƙara mata sauri. Ƙara kaɗan. Yauwa."

Ranar jarrabawa mahaifinta ya nemi izini daga wurin aiki, ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro. Ni kuma na tsaya wajen janareta, kada wuta ta ɗauke a rasa mai tayarwa. Da ta fito ta ce tambaya ɗaya hoto ce, sai da mai sa ido ya kwatanta mata, sauran kuwa da kanta ta yi. Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Ta ci darasin. Da sabuwar doya ta fito, sai ga mahaifinta a ƙofar gidana a kan acaɓa da buhun doya. Uwargida ta kirɓa sakwara, muka hana shi tafiya sai da ya ci.

Daga lokacin, duk ɗakin da muka haɗa sai na sa manhajar a kowace kwamfuta, kuma an sami waɗanda suka zo suka yi amfani da ita. Ita ta gama, yanzu tana koyarwa a wata makaranta a Barnawa. Idan kwamfutarta ta ƙi tashi takan bugo min waya. Tun da mahaifinta ya yi ritaya ya koma Binuwai ta daina ce min Malam, Baba take ce min, kuma kafin ta faɗi matsalar sai ta tambayi ƙafata da ke ciwo.